A Riƙa Faɗa Mana Mafarin Ranakun da Muke Hutu da Biki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san maganar tawa za ta ɗan yi tsawo. Ni tsohon malamin firamare ne a nan Sakkwato. Shekara 35 na yi riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma jaridar nan tana cikin abubuwan da ba na bari su wuce ni.

Jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar 26 ga Disamban da ya wuce, da hantsi, ina zaune a zaure ina shan rana saboda sanyin hunturu, sai ta fito ta ga babanta bai tafi aiki ba. Ta zo ta durƙusa kusa da tabarmata ta ce, "Baba Tsoho, wai da gaske ne yau ranar damben Turawa ce, shi ya sa aka ba da hutu?" Na ce wa ya faɗa miki? Ta ce malamarsu ce. Ban ga laifin malamar sosai ba, don na tabbata ita ma haka aka faɗa mata. Amma abin ya tsaya mini a rai har dare. Gwamnati ta rufe ofisoshi da bankuna na yini guda, ƙasa duka ta zauna a gida, kuma mai koyarwa da mai koyo ba wanda ya san dalili.

Na zaunar da ita na ce mata, ranar da suke kira Boxing Day ba ruwanta da dambe. Kalmar a harshensu tana nufin dambe, tana kuma nufin akwati, kuma akwatin ake nufi. A Ingila, kashegarin Kirsimeti masu gida kan ba barori da masu yi musu hidima akwatin kyauta, su sallame su su je su ga iyalinsu, tunda ranar bikin suna can suna yi wa iyayen gidansu aiki. A shekarar 1871 aka sa ranar cikin dokar hutun bankuna ta ƙasar, daga nan ta biyo Turawan mulki zuwa inda duk suka je, har ta iske mu. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "To ashe ranar kyauta ce ga 'yan aiki." Kafin azahar ta sa uwarta ta zuba wa mai kawo mana ruwa tuwo da nama.

Ya Edita, duk lokacin da wani hutu ya zo nakan buɗe jaridarku in ga shafi bayan shafi na taya murna, ga hoton mai girma wane, ga saƙon shugaban ƙaramar hukuma kaza. Na san da wannan ake biyan kuɗin ɗab'i, ba na ƙyashi. Abin da nake nema rabin shafi ne kawai, da za a riƙa gaya wa mai karatu yadda ranar ta samo asali.

Ɗauki ranar ma'aikata. Na yi fareti a filin wasa ranar 1 ga Mayu fiye da sau ashirin, da rigar ƙungiyar malamai a jikina, kafin in san cewa jini aka zubar a kanta. A ranar 1 ga Mayun 1886 ma'aikata a Amurka suka shiga yajin aiki suna neman a tsaida aikin yini a kan awa 8, a lokacin da mutum kan yi awa 10, 12 ko fiye a masana'anta. Ranar 4 ga watan, a wani taro a dandalin Haymarket da ke birnin Shikago, aka jefa bam, 'yan sanda da farar hula suka mutu, kuma a 1887 aka rataye huɗu daga cikin jagororin ma'aikatan. Wani taron ƙungiyoyin ma'aikata da aka yi a Paris a 1889 shi ya tsaida ranar ta zama ta duniya. A ƙasar nan kuwa, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ce ta fara ba da hutunta a 1980, sannan ta zama hutun ƙasa baki ɗaya a 1981, lokacin ɗan jiharmu Alhaji Shehu Shagari yana shugaban ƙasa. Ma'aikacin da ke tashi ƙarfe huɗu ya koma gida wurin iyalinsa ya kamata ya san su wa suka biya masa wannan.

Haka sabuwar shekarar Turawa. Sunan Janairu daga wani abin bautar Rumawa ne mai fuska biyu, ɗaya na kallon baya ɗaya na kallon gaba. Yuli sunan Yuliyas Kaisar ne, Agusta na magajinsa Agustas. Satumba ma'anarta na bakwai, ga shi kuwa ita ce ta tara, saboda tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa. Kalandar da ke rataye a kowane ofishi yau, Fafaroma Giregori na 13 ne ya gyara ta a 1582, aka kwana 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga Oktoba. Ingila ba ta yarda da gyaran ba sai 1752. Wato ranar da sojojinsu suka shigo Sakkwato a Maris ɗin 1903, lissafin da suka zo mana da shi shekararsa 151 kacal a hannunsu, mu kuwa muna cikin shekara ta 1320 da namu. Ita kanta Kirsimeti, rubutu mafi tsufa da ya nuna ana yin ta ranar 25 ga Disamba daga Rum ya fito, na shekarar 336, kuma Kiristocin Habasha har gobe 7 ga Janairu suke tasu.

Na san abin da wasu za su ce: me ya haɗa mu da tarihin bukukuwan Nasara? A majalisar da nake zama bayan la'asar akwai masu wannan ra'ayi, kuma mutane ne da nake girmamawa. Amsata gare su ita ce, wanda bai san asalin abu ba, ba zai iya ƙinsa da hujja ba, ba kuma zai iya karɓarsa da hujja ba. Yaranmu suna can a Facebook suna taya juna murnar ranaku iri-iri, in ka tambaye su mafari sai su yi ta kallonka. In ka ce musu haramun ne ka tsaya nan, gobe za su sake. In ka zauna ka warware musu zare da abawa, ka ba su abin da za su auna da kansu.

Kuma ai addininmu da kansa bai ɓoye mana mafarin ranakunsa ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina ya tarar mutanen garin suna da kwana biyu da suke wasa a cikinsu. Ya tambaye su, waɗanne ranaku ne waɗannan? Suka ce tun jahiliyya muke wasa a cikinsu. Sai ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, ranar layya da ranar buɗa-baki. Ku lura, tambaya ya fara yi. Haka da ya tarar Yahudawa suna azumin Ashura, ya tambayi dalili, suka ce ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya ce mu muka fi cancanta da Musa, ya azumce ta ya kuma yi umurni da azumtarta. Lissafin Hijira kuwa a zamanin Sayyidina Umar aka tsaida shi, wajen shekara ta 17, bayan an koka cewa takardu na zuwa daga Madina ba a san na wace shekara ba ne. Sahabbai suka yi shawara, suka zaɓi ƙaurar da aka yi daga Makka a 622 ta zama mafari, suka kuma sa Muharram a gaba ko da yake a Rabi'ul Awwal aka isa Madina. Gwamnatin jiharmu takan ba da hutu ranar 1 ga Muharram, madalla. Amma yara nawa ne ke komawa aji kashegari da wannan labari a kansu?

Akwai wani abu da kowane Basakkwace ya sani a jikinsa ko da bai san lissafinsa ba. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya yanayi. Na yi azumin 1988 a tsakiyar bazara, Afrilu zuwa Mayu, muna jiƙa zane mu lulluɓa da azahar a ƙarƙashin dogon yaro. Na yi na 1999 cikin Disamba, ruwan alwalar asuba kamar ya tsaga hannu. Na 2012 ya zo da damina, manoma na noma da ƙishirwa. A 2021 sai ga shi ya dawo Afrilu, daidai inda na bar shi shekara 33 baya. Lokacin na gaya wa ɗana cewa in Allah ya ba shi rai zai sake ganin wannan zafi da furfura a kansa.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne namu na gida. Lokacin da muke yara, ranar babbar Sallah in an yanka raguna aka feɗe, akan gicciya itace a baje kowane rago a kai, a kafa su a kewaye wuta tun hantsi har dare, yadda har yanzu ake yi a nan da Kabi da ƙetaren iyaka wajen Ƙonni. Kakata takan zo da kanta ta tsaya a kan mahaifina har sai ya cire mata jela da wani yanki na kai da ƙafafu. Ta barbaɗa gishiri, ta ƙyafe su, ta ɗaure a tsumma ta rataye can saman murhu inda hayaƙi ke bugu. Ba mai taɓawa, komai kwaɗayinsa. Sai wata ya zagayo, daren goma ga Muharram, ta sauko da ƙunshin nan ya yi baƙi ƙirin, ta wanke, ta jefa a tukunyar miyar kuka, a tuƙa tuwon dawa fiye da na kullum. Daren cika-ciki ke nan. Takan zauna da ludayi a hannu tana lura da kwanon kowa, in ka ce ka ƙoshi ta ƙara maka, tana cewa wanda bai ƙoshi ba daren nan ba zai ƙoshi ba har shekara. A kwanakin ne kuma taubasai kan biyo juna karɓar kuɗin shara, ana ja ana dariya.

Wata shekara, ina aji shida, na tambaye ta wa ya fara wannan. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema? Haka munka iske." Amsar ke nan. Daga baya da na yi karatu na gane azumin Tasu'a da Ashura na addini ne, cikin hadisi yake, cin tuwon da ajiyar jela da kuɗin shara kuwa namu ne na Hausa, mu muka yafa wa ranar. Sanin wannan bai rage mini ƙaunar al'adar ba ko kaɗan. Ya dai sa na san wanne ne in na bari na yi asarar lada, wanne ne in na bari na yi asarar zumunci. Yau a unguwarmu gidajen da ke ajiye jelar layya ba su kai yatsun hannu ba, kuma ta tafi ba tare da kowa ya rubuta yadda tsofaffin mata ke yin ta ba. Tashe ma yana bin sahu. Da in azumi ya kai goma, unguwa ba ta barci da wuri, yara maza da gemun auduga da tsummokara, 'yan mata da ƙwarya a kan ruwa suna kaɗawa, gida-gida ana ba su hatsi. Sunan daga tashi yake, tashin mutane sahur. Bara ƙungiya biyu kawai suka shigo gidana duk watan.

Amma babban misalina Argungu ne, kuma a nan nake so in daɗe.

Ina saurayi aka fara kai ni, lokacin Argungu tana cikin jiharmu, don sai 1991 aka yanke Kebbi. Mun kwana a hanya cikin motar katako. Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba: dubban masunta jere nesa da bakin kogin Matan Fada, kowa da gora da koma, ba mai motsi. Aka harba bindiga. Ƙura ta tashi ta rufe rana, ƙasa na girgiza, suka kwarara cikin ruwa kamar an ɓalle dam. Makaɗa na cikin kwalekwale suna zuga su. Kafin awa ta cika sai ga mutum huɗu sun ciccibo giwan ruwa ɗaya zuwa wurin ma'auni, bakinta a buɗe, tsawonta ya kusa nawa. Na koma gida ina ba da labarin kifi wata guda. Ba wanda ya gaya mini abin da ya tara mu a wurin, kuma ni ma ban tambaya ba.

Ga abin da ya tara mu. Kabi tsohuwar daula ce tun zamanin Kanta a ƙarni na 16, mai birnin Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Kabawan da ba su miƙa wuya ba daga baya suka kafu a Argungu, kuma daga nan aka shiga gaba da yaƙi tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu, ana yi ana hutawa, kusan ƙarnin nan duka. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, ya riƙe 'yan shekaru ya warware. Har Turawa suka zo takobi bai koma kube ba. Garuruwa biyu da tsakaninsu bai fi tafiyar kilomita 100 ba, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, kogi ɗaya suke sha, amma kakannin kakanninmu sun yi ta binne 'ya'yansu saboda juna.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tashi daga Sakkwato ya je Argungu da ƙafarsa, baƙon Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Kabawa suka rasa abin da za su tarbe shi da shi wanda ya fi abin da suka gada, sai suka shirya masa gagarumin su a kogi. Su da al'adun ruwa sun daɗe a Kabi kafin wannan rana, da Sarkin Ruwa da gyaran ruwa da fashin ruwa duk suna nan tun da. Amma bikin da duniya ta sani yau, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon ɗan Adam a 2016, daga wannan ziyara ya tsiro. Biki ne na sulhu. Duk kifin da aka ɗora a ma'auni a Matan Fada shaida ne cewa mutanen da suka yi shekaru fiye da ɗari suna gaba sun iya zama a rumfa ɗaya.

Ya Edita, dubi halin da muke ciki a yau. Gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, mutane na kwana da ido ɗaya, manomi ba ya iya zuwa gonarsa, maƙwabtan da suka yi zaman ɗaruruwan shekaru tare sun koma kallon juna da zargi. Bikin Argungu kansa sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. A irin wannan lokaci, labarin 1934 ya fi nauyin kifin da ya ci gasa muhimmanci. Amma in bikin ya zo, abin da jaridu ke kawo mana shi ne kilo nawa, wa ya samu mota, wane babban baƙo ya halarta. Na tambayi samari bakwai a unguwarmu, duka sun gama sakandare, ko sun san abin da ya haɗa Sarkin Musulmi da wannan biki. Ko ɗaya.

Hawan Sallah ma an bar shi a cakuɗe. Yara na jin ana ce masa hawan daba, suna zaton Turawa suka kawo. Kalmar ce baƙuwa, daga Farisanci ta bi ta Indiya, inda Lugga, gwamnan Turawan mulki, ya taɓa yin aikin soja, kuma da ita aka kira taron dawakin da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Hawan kansa ya girme su nesa ba kusa ba, Kanawa suna kai nasu ga Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun yi wani abu da ya burge ni: ranar 'yancin kansu, 3 ga Agusta, sun mai da ita ranar dashen itace, daidai lokacin da damina ta zauna. Wanda ya san yadda hamada ke matso mu ta Illela da Gada zai gane hikimar.

Ba ina kiran a ƙirƙiro sabon idi ba ne, idinmu biyu ne kuma sun ishe mu. Ina cewa ne a sani. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, kuma watan Fabrairu kan zo ya wuce a makarantun garin da Hubbarensa yake ba a ce uffan ba.

Abin da nake roƙo ke nan. Mako guda kafin kowane hutu ko biki, na addini ne, na gwamnati ne ko na gargajiya, ku ware rabin shafi ku faɗi mafarinsa da Hausar da malamin firamare zai iya ɗauka ya shiga aji da ita. Ba sai kun je nesa neman masana ba. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da malamanta na tarihi da na Hausa, ga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu cike da takardu. Amma kafin su, ku tura wakilinku da rikoda wurin tsofaffi, don su ne ba za su jira ba. Akwai wani dattijo manomi a ƙauyenmu da ya haddace taurarin shekara 28, kowanne da kwanakinsa 13, ya san wanda in ya kama ake shuka, da wanda in ya kama ruwa ya yi bankwana, da lokacin da samari ke sa ranar kalankuwa bayan an kai amfanin gona rumbu. Shekara uku ina cewa zan je in zauna da shi da littafi. Ya rasu da kakar bara, Allah ya jiƙansa, kuma 'ya'yansa ba wanda ya ɗauka.

Tun daga ranar na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, ina bin tsofaffin matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Na cika shafi 40 a kan cika-ciki da kuɗin shara da tashen mata. Jikar tawa ce ke riƙe mini biro in hannuna ya gaji. In kun buɗe filin, zan aiko muku da shi kafin watan Muharram ya kama.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Runjin Sambo, Sakkwato.